Alhamis a Tsohuwar Masaƙa

Ƙarfe shida a Tampere, rana ta daɗe da kwanciya.
Muka kakkaɓe ƙanƙara daga takalma a ƙofar tsohuwar masaƙa,
inda kakata ta shekara talatin tana ƙulla zaren da ya tsinke.
Yanzu hawa na uku namu ne, Alhamis ɗin farkon wata,
mu ashirin da 'yan kai, makiyayan injunan da ba su da jiki.

Ƙanwata ta taɓa tambayata, wai mene ne aikina.
Na ce gidan haya nake gadi:
akwatin ƙarfe guda, 'yan haya arba'in a ciki,
kowanne zai rantse shi kaɗai ne a gidan.
Bai san bangon ɗakinsa lissafi ne ba,
bai san da maƙwabcin da suke shan wuta a waya ɗaya ba.

Tuulikki ce mai sanarwa, tabarau a ƙarshen hanci.
Kuɗin lasisi ya sake tashi.
Wani ya ja tsaki a baya, tsakin ya zaga ɗaki ya dawo.
Asibitin gunduma na neman mutum biyu masu jure kwanan zaune.
Taron watan gobe a Oulu ne, kowa ya yanki tikitin jirgin ƙasa.
Wanda ya tafi da kebul mai ruwan ɗorawa ya maido,
ba za a tambayi sunansa ba.
An haifa wa Eero 'ya mace. Muka tafa,
shi kuwa yana gyangyaɗi, bai ji ba.

Sai ta cire tabarau.
Veikko zai ajiye aiki, in ji ta,
kuma yau zai kashe Muori.

Muori, tsohuwar uwar garke,
shekara goma sha ɗaya ba ta runtsa ba
a wani ɗaki mai sanyi can ƙetaren kogi.
Veikko ya haska allonsa a jikin jan bulo,
muka ga 'yan haya suna ƙaura ɗaya bayan ɗaya
zuwa sabon gida, ba ɗaurin kaya, ba sallama.
Na albashin ma'aikata ya wuce.
Na ɗakin karatu ya wuce yana tsakiyar ba wani yaro aron littafi.
Ƙaurar da mai yinta bai san ya yi ba, ita ce gwanintarmu,
shi ya sa ba a taɓa gode mana.

Saura ɗaya. Ƙarami, ba shi a rajista, ba mai biya masa.
Na waye wannan? in ji Tuulikki.
Veikko ya sosa ƙeya.
Wata makarantar ƙauye ce a bakin tafki,
agogon ƙararrawarsu ya lalace a wani hunturu,
ya ce bari ya riƙe musu na mako guda.
Makon ne bai ƙare ba har yau.

Casa'in da takwas cikin ɗari, sai ya tsaya.

Kofi ya huce a kofuna.
Mutum ashirin da suka saba gardama kan komai
suka zuba wa layi ɗaya ido kamar masu jiran likita.
Eero ya farka ya ce me ya faru, aka ce yi shiru.
Na ji ruwan kogi yana dukan ƙasan ginin,
ruwan da ya juya wa kakata injin saƙa.

Ɗari.

Veikko bai yi jawabi ba.
Ya rubuta kalma ɗaya, ya danna,
koren ɗigo ya koma toka.
Ya rufe kwamfutarsa, ya ce ɗakin gumi ya yi zafi tun ɗazu,
kada a yi asarar itace.

A hanyar gida na tsaya kan gada.
Gobe ƙarfe takwas ƙararrawa za ta kaɗa a bakin tafki,
yara za su ruga da jan kumatu,
wani zai makara, ya ce laifin ƙanƙara ne.